Tabon Rana a Kan Shanun Kawu Buba

Na san abin da kuke faɗa a bayana, ku 'ya'yana ukun, domin Sadiya ba ta iya raɗa ba. Kuna cewa zafin zuciya ne ya raba Mama da aikin madara, kuma shi ne ya sa dangin kakarku Inna na Burumburum suka ɗauke ƙafa daga gidanmu. Rabin maganar gaskiya ne. Ina da zuciya, ban taɓa musu ba, tsufa ma bai rage ta ba. Amma faɗan da na yi, wanda kowa yake ba ku labarinsa har da ƙarin gishiri, a ƙarshe ya zo. Abin da ya fara ɓata komai shiru ne da na yi na minti ɗaya a ƙarƙashin rumfa, ina tafi kamar kowa. Shi nake so ku ji daga bakina tun ina da rai, kada wani ya gyara muku shi bayan ba na nan.

A lokacin ina koyar da fizis a makarantar 'yan mata kusa da Tudun Wada. Sai aka kawo wani shiri na karɓar madara daga rugage, tun daga Bebeji da Kiru har zuwa Doguwa, a sanyaya ta a kai birni. Sharaɗin shi ne sai an duba hantsar kowace saniya, domin idan ciwo ya shiga hantsa madarar ta lalace, kuma ciwon yana bin hannun mai tatsa daga wannan zuwa waccan. Don haka aka sayo kyamarar zafi guda ɗaya tal. Suna neman wanda zai iya karanta littafinta kuma yana jin Fulatanci, sai aka ce ai ga 'yar Inna, wato ni, tunda Inna Bafulatana ce. Na yi murna har na kasa ɓoyewa. Shekara da shekaru ina zana wa yara wannan abu da alli a allo, ban taɓa riƙe shi a hannu ba.

Dole in gaya muku abin da ke cikinta, ko da za ku yi hamma kamar yadda ɗalibaina suke yi, domin labarin duka a nan yake. Duk abin da yake da ɗumi, mutum ko saniya ko bango, yana fitar da wani haske da idonmu ba ya gani. Idon kyamarar ba gilashi ba ne, don gilashi tare wannan hasken yake yi. Wani abu ne mai duhu da ake kira jamaniyam, shi ne yake tattara hasken ya kai shi ciki. A cikin kuwa akwai wani faranti wanda bai fi farcen babban yatsa ba, an jera masa 'yan ƙwayoyi dubu-dubu. Kowace ƙwaya ɓawo ne siriri da aka shafa wa tsatsar wani ƙarfe mai suna banadiyam, an ɗage ta a kan 'yan ƙafafu biyu, an zuƙe iskar da ke kewaye da ita don kada ɗumin da ta samu ya zurare. Halin wannan tsatsa shi ne, da ta ɗan ji ɗumi sai ta ƙara sakar wa lantarki hanya. Na'urar tana auna yawan lantarkin da kowace ƙwaya ta bari ya wuce, ta mayar da shi hoto, inda ya fi zafi ya fito fari. An yi ta ne don ta ji ɗumin da bai kai numfashin jariri ba. Shi ya sa a shafin farko na littafin aka zana rana aka gicciya mata jan layi.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, aka tara arɗo-arɗo da masu unguwanni. Babban baƙo wani Honorabul ne, ba zan ambaci sunansa ba, shi ya samo wa shirin gindin zama. Shugabana a aikin, Alhaji Sabo, wanda kowa ke kira Kodineta, ya ce in miƙa wa Honorabul kyamarar ya sa mata albarka. Ya karɓa ya haska jama'a, ya ga hancin direbansa baƙi wuluk saboda sanyin mota, aka yi ta dariya. Daga nan sai ya tako ya fita daga inuwa. Rana tana tsaka.

"To bari mu ga uwar zafin gaba ɗaya," in ji shi.

Ya ɗaga ta sama. Ni da nake sa ɗalibai su ƙona takarda da madubin ƙara girma duk shekara, na san abin da idon nan yake yi wa waɗancan ƙwayoyi a wannan lokacin. Na buɗe baki. Kodineta ya juyo ya yi mini wani kallo, irin wanda ake yi wa yaron da zai zubar da miya a gaban baƙi. Sai na rufe bakina. Na ce a raina mace a tsakiyar maza, ga arɗo-arɗo, ga babban mutum, ina ni ina kwatsa masa tsawa. Honorabul ya riƙe ta yana nema har ya samu ranar, ya tsaya a kanta.

"Fari fat! Lallai abin nan ba ya ƙarya!"

Aka ɗauki tafi, ni ma na tafa. Har yau idan na tuna hannayena a wannan rana sai in ji kamar in mare kaina. Da aka watse na kunna kyamarar a ofis, ta yi ƙas, wato wani ɗan murfi da ke ciki ya rufe ya buɗe don ta daidaita kanta, na ga allo fes. Na kashe da sauri na ce Allah ya tsare. Ban jira ba. Da na jira 'yan daƙiƙu da na ga abin da zan gani, amma ba na son in gani.

Bayan kwana biyu aka fara gwaji, kuma ni da bakina na roƙi a fara da rugar Kawu Buba, wan Inna. So nake ya zama na farko a rajista, a ce 'yar ƙanwarsa ta yi masa rana. Shanun tatsarsa ba su da yawa, amma kowa a Burumburum ya san kindirmon matarsa Dudu. A cikinsu akwai Wule, mai farin goshi, wadda ta Inna ce, daga zuriyar karsanar da mahaifinsu ya ba ta tun tana yarinya. Ƙa'idar aikin ita ce in tsaya bayan saniya, taku uku, in sa hantsar a cikin wani akwati da aka zana a allon. Kullum wuri ɗaya, kullum nisa ɗaya. Na ɗauki ta farko, sai ga farin tabo a hantsar, ta baya wajen dama. Ta biyu ma haka. Ta uku haka. Kodineta yana leƙe ta kafaɗata yana ta salati, amma muryarsa ta farin ciki ce, domin na'urarsa ta yi kamu tun ranar farko.

Kawu ya jingina da sandarsa ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce:

"Dija, Dudu tana tatsar shanun nan safe da yamma. Ciwon hantsa ba ya ɓuya wa hannu. Zo ki durƙusa ki taɓa Wule, ki gaya mini in kin ji zafi."

Ina sanye da farar rigar aiki, ga Kodineta, ga direba suna kallo. Na ce:

"Kawu, na'ura tana ganin abin da hannu bai kai ga ji ba."

Ya juya ya koma wajen shanunsa. Maganar tawa ba ƙarya ba ce, haka littafin ya ce, zafi yana riga kumburi bayyana. Amma girman kai ne ya faɗe ta, ba ilimi ba. Na sa hannu a takarda cewa garken ya kamu. Na ce a ɗebi madarar a kai ɗakin gwaji a tabbatar, Kodineta ya ce za a yi. Ba a taɓa yi ba. Abin da aka yi shi ne, ranar kasuwar Tudun Wada ya sa aka zaga da lasifika ana shelar cewa na'urar zamani ta gano cuta a wata ruga a Burumburum, jama'a su yi hattara. Ba a faɗi suna ba, amma ruga nawa motarmu ta je? A ranar Dudu ta koma gida da ƙwaryarta a cike. Kafin mako ya zagayo maƙwabtan Kawu sun aiko masa, cikin ladabi irin nasu, cewa ya riƙa kai shanunsa mashaya bayan kowa ya tashi.

Inna tana zaune tare da mu a lokacin, kun tuna ɗakinta na kusa da rijiya. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, kunya ce irin tasu. "Ke wannan" take ce mini, ko a gaban ɗalibaina. Ba ta yi mini maganar shanun ba ko sau ɗaya, sai dai ta daina shan furar gidan. Wata rana da la'asar na baje hotunan da aka buga a kan tabarma ina shirya rahoto, ta zo wucewa da buta ta tsaya. Inna ba ta san bihim ba a boko, amma ta san bayan saniya. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan guda.

"Ke wannan. Wannan ai ta goce, ta matsa gefe."

"E, Inna, ta motsa ina ɗauka."

"To ciwon bai bi ta ba? Ga shi nan a tsakanin ƙafafunta, a iska. Iska ma tana ciwon hantsa?"

Na duba. Farin tabon yana rataye a fili, babu nama a wurin. Na jera sauran hotunan, na ɗora ɗaya a kan ɗaya na ɗaga su wajen haske. Tabo ɗaya ne, siffa ɗaya, wuri ɗaya, har da 'yar wutsiyar da ya yi inda hannun Honorabul ya karkata. Rana ce. Zafinta ya gasa ƙwayoyin da ta sauka a kansu har halin tsatsar ya canja, suna sakin lantarki ba yadda 'yan uwansu suke yi ba, na'urar kuwa tana fassara wannan da zafi. Ni kuma na bi ƙa'ida sau da ƙafa, na riƙa kai hantsar kowace saniya daidai ƙarƙashin tabon.

Washegari tun kafin masinja ya gama shara ina ofis. Na kunna kyamarar na haska bango. Ta yi ƙas, allo ya yi fes, na ƙirga a zuciyata, sai ga tabon yana tasowa a hankali a kan siminti. Amma ya fi na hotunan dushewa, kuma wannan ne ya tsorata ni. Littafin ya faɗa: idan ƙunar ba ta yi tsanani ba, tsatsar tana komawa halinta da kanta, cikin kwanaki ko makonni. Wato shaidata tana warkewa. Na kira Kodineta na nuna masa. Ya kalla, kuma wallahi ya gane, domin ba jahili ba ne.

"Yallaɓai, bango ba shi da hantsa. A kira arɗo-arɗo yau su gani da idonsu, a sake shela."

"Malama, me kike so in rubuta? In ce Honorabul ya lalata kayan da ya samo mana? A gaban jama'a? Ke kina nan lokacin, me ya hana ki magana?"

"Kallon da ka yi mini."

"Kallo ba ya rufe baki. Kuma sa hannun wa ke kan takardar?"

Ya karɓe kyamarar daga hannuna, ya sa a kabad ya murɗa makulli. Ya ce za a dakatar da gwaji sai injiniya ya zo daga birni. Babu injiniyan da aka kira. Ni ce da wautata na gaya masa tabon yana dushewa, shi kuwa ya zauna yana jira. Ban taɓa ganin mugunta mai sauƙi irin wannan ba, mutum bai yi komai ba sai ajiye makulli a aljihu.

Na je Burumburum na durƙusa a gaban Kawu na faɗa masa komai. Ya ce, "Ni ai na sani tun ranar. Kasuwa za ki gaya wa." Na je kasuwar, na bi masu sayen nono ɗaya bayan ɗaya da hotuna a hannu. Wata ta ce mini, "Malama, jiya kin ce akwai, yau kin ce babu, kuma kawunki ne. Wanne za mu ɗauka?" Ban ga laifinta ba. Bakina ya riga ya zube, na'urar kawai za a yarda da ita. A gida babanku, Allah ya jiƙansa, ya yi ta ba ni baki.

"Hadiza, ki bi a sannu. Ki lallaɓa mutumin nan ya ba ki na'urar, ki je ki sake gwada shanun, ki ce sun warke. Kowa ya huta."

"Sun warke daga me? Ciwon da ba su taɓa yi ba? In bar shi a rubuce cewa Dudu ta sayar wa mutane ruɓaɓɓen nono?"

"Ke gaskiya kike nema ko shanun Kawu?"

Na ce duka biyun, na tashi na bar masa wurin. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana. Shi ne mai hankali a cikinmu, kuma har ya rasu ban faɗa masa haka ba.

Sai bayan kusan mako biyar aka kira taro a Kiru don a ci gaba da gwaji, Honorabul ma ya zo. Kodineta ya fito da kyamarar ya ajiye a tebur. Ban jira an ba ni dama ba. Na miƙe na ɗauke ta, na ce jama'a su matso su ga abin da aka yi wa Buba na Burumburum. Na haska bango. Ta yi ƙas. Na jira. Na ƙara jira, arɗo-arɗo sun kewaye ni suna leƙe. Bango fes, babu ko ɗigo. Ta warke sarai. Na zaro hotunan ina bayani, muryata tana hawa, sai Kodineta ya yi murmushi ya ce:

"A yi wa Malama uzuri. Garken na kawunta ne, jini ba wasa ba."

A nan ne zuciyar da kuke magana ta tashi. Na juya wajen Honorabul na ce, ranka ya daɗe, kai ka ƙona ta, ranar da ka haska rana kana dariya kamar an ba yaro abin wasa. Na ce wa Kodineta munafuki, wanda ya fi tsoron ɓacin ran mutum ɗaya a kan abincin gida guda. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ba na nadamar ko ɗaya, babu ƙarya a ciki, duk gaskiya ne, kuma da za a maimaita ranar ban tabbata zan iya haɗiye su ba. Amma sai da aka fitar da ni, ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, sannan abin ya faɗo mini. Na'urar da ta warke ita ce za ta wanke shanun Kawu. Tana hannuna, ga arɗo-arɗo a tsaye. Da na ce kawai, to tunda lafiyarta ƙalau, mu ɗunguma yanzu mu je Burumburum a sake gwadawa a gaban kowa, babu wanda zai iya hanawa. Ni kuwa na tsaya neman wanda zai amsa laifi.

Kafin mako ya ƙare aka mayar da ni aji, aka ba wani mutumin Kodineta kyamarar. Ya zaga rugage daga Badafi har Doguwa, kusan kowa ya tsallake lafiya, abin da ya ƙara tabbatar wa mutane cewa garken Kawu ne kaɗai mai cuta. Na rubuta takarda uku ina roƙon a koma Burumburum. Amsa ɗaya na samu, cewa an rufe wannan magana. Kawu kuwa ba mutumin da zai je ƙofar ofis ya yi roƙo ba ne. Ya gaji da shayar da shanunsa a ragowar ruwan wasu, ya gaji da ganin Dudu tana zubar da nono. Ya kaɗa shanun tatsar duka ya kai wa mahauta, domin babu makiyayin da zai saye su ya haɗa da nasa. Sauran ya kora su kudu, can bayan Riruwai, ya bar gonar da ya gada. A can ya rasu, ban sake ganinsa ba. Honorabul yana nan da ransa, na ji an ce har yanzu yana ba da labarin ranar da ya ga rana a cikin na'ura.

Kafin Kawu ya tashi ya aiko wa Inna da igiyar Wule. Ita ce wadda take rataye a bayan ƙofar ɗakina, wadda ɗan'uwanku Nafi'u yake cewa in bari ya jefar duk lokacin da ya zo. Na dawo daga makaranta na tarar da Inna a bakin rijiya, igiyar tana kan cinyarta. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ina ta zuba, ina zagin Kodineta, ina zagin Honorabul, ina yi mata bayanin tsatsa da lantarki. Ta bar ni har na ƙare. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Hadiza."

Shekarata hamsin da ɗoriya a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata.

"Na'am, Inna."

"Da ya ce ki durƙusa ki taɓa ta, kin taɓa?"

"Ban taɓa ba, Inna."

Ta naɗe igiyar ta miƙo mini, ta ɗauki butarta ta shiga ɗaki.